Karen da Gwaggo Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Gwaggo Laraba a bas, ko a gidan suna, ko a layin ganin GP, likitan unguwa, ya san abin da ke cikin jakarta. Akwai carbi, akwai goro a jiƙaƙƙen tsumma, akwai ledojin kanti da ta ninke ƙanana-ƙanana, sannan can ƙasa akwai wani ƙulli a ledar burodi. Sababbin zuwa kan ɗauka yaji ne ko garin kuka. Jama'a, ƙasa ce! Ƙasa ta Allah, wadda take haƙowa da cokali a gefen filin wasan yara na unguwar Moss Side a Manchester, ta shanya a kan hita, ta tankaɗe da rariya kamar garin tuwo.

Amfanin ƙasar ɗaya ne tak. In karen gidanta ya lashe mata hannu, ko ya sa baki a kwano, sai ta wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mata a zangon Kumasi tun tana yarinya. Na ce karen gidanta, Allah ya sa ba ta ji ni ba. Shekara bakwai kare yana kwana a kicin ɗinta, amma duk wanda ya kuskura ya ce mata "karenki" ya jawo wa kansa.

"Ba nawa ba ne," za ta ce, tana zare ido. "Amana ce."

Ni ce Rabi, 'yar ƙaninta, ga waɗanda suka san fuskata ba su san sunana ba. A gidanta na sauka da na zo ƙasar nan, na yi shekara biyu muna cin tuwo kwano ɗaya kafin na tafi uni, wato jami'a, a Birmingham. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Asalin karen na maƙwabciyarta ne, Misis Brenda, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya daɗe da mutuwa. Ita ta koya wa Gwaggo yadda ake sa kuɗin gas lokacin da ta zo, Gwaggo kuma ba ta taɓa yin girkin Sallah ba ta miƙa mata kwano ta kan katanga ba. Da ciwo ya kwantar da matar, sai aka kai ta asibitin da ke Oxford Road, inda Gwaggo ta yi shekaru tana aikin shara da goge-goge. Ta je duba ta, matar ta kama hannunta ta ce ta yi mata alkawari ba za ta bari a kashe mata kare ba. Gwaggo ta ce ta yi. Daga baya ta sha gaya mini cewa ita fa ta ɗauka riƙon kwana uku ne.

"To ki kai shi inda ake ajiye irinsu mana," na ce mata, ranar da muka ji rasuwar matar.

"Alkawari na yi, Rabi. Da tana raye sai in je in ce ta yafe mini. Yanzu wa zan je in gaya wa? Hukumar council?"

Ɗan guntun kare ne, mai ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Yana da sunansa na Turanci, amma Gwaggo ta ce ba za ta tsaya a titi tana kiran kare da sunan mutum ba. Sai ta raɗa masa Baƙo, don kowa ya san ba ɗan gida ba ne. Ranar farko ta samo jan salatif ta ja layi a ƙasa, daidai ƙofar kicin, ta tsaya a kansa ta yi masa jawabi da Hausa tsantsa: nan iyakarsa, can wurin sallarta, in ya ƙetare su biyu ne. Wallahi karen nan ya ji. Sai ya kwanta hancinsa na taɓa salatif, yana kallonta tana lazimi.

Wata rana matan unguwa suka zo gaisuwa, ɗaya daga ciki ta leƙa kicin ta dawo da gudu tana salati.

"Gwaggo! Kare a gida? Mala'iku fa ba sa shiga!"

"Shi ya sa na ja layi," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Su suna falo, shi yana kicin. Ke ce kawai ba ki san iyakarki ba."

Kun sha ganinsu da safe suna zaga unguwa: Gwaggo cikin hijabi da ƙatuwar kwat, hannuwanta sanye da safar roba mai ruwan ɗorawa irin ta wanke-wanke, ta ɗaure Baƙo da guntun igiyar shanya, don ta ce ba za ta sayi igiyar kanti ga wanda ba ya biyan haya ba. Sau da yawa nakan kama ta zaune a kan kujerar kicin tana sosa masa bayan kunne. Da ta gan ni sai ta haɗe fuska ta ce, "Ƙuma nake dubawa." Shekara bakwai tana duba ƙuma, ko ɗaya ba ta taɓa kamawa ba.

Kun kuma san Gwaggo da kuɗi. Ganyen shayi ɗaya sai ya yi mata kwana uku. Waya kuwa ba ta kira, sai dai filashin: ƙara ɗaya ta kashe, kai ka kira da kuɗinka. To ina shekara ta biyu a uni, ina ɗakina a unguwar Selly Oak ta Birmingham wata ranar Talata da hantsi, sai wayata ta yi ƙara ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku, sunan Gwaggo yana kai. Na ɗauka cewa nake wani ya mutu a Kumasi.

"Baƙo ba lafiya," ta ce. "Ki zo weekend."

Da na zo na ga abin da idona. Cikinsa ya kumbura ya yi tulu, gashin gefensa ya zube har ana ganin fata, yana ta haki ko tafiya bai yi ba. Ga ƙishirwa. Ta cika masa kwano ya shanye, ta ƙara ya shanye, sannan fitsari ba ƙaƙƙautawa, tana bi da tsumma. Ta riga ta gwada nata maganin: ta ba shi man habbatus sauda a cokali, ya lashe tas, ta wanke cokalin sau bakwai, ciwo yana nan inda yake.

Muka kai shi wurin likitan dabbobi. Wani saurayi ne mai fara'a, ya ɗebi jini, ya ce mu dawo, muka dawo ya sake ɗiba. Kuɗin gwaji kaɗai ya haura fam ɗari uku. A ƙarshe ya zaunar da mu ya yi bayani: akwai wata 'yar tsoka a saman ƙoda da ke zuba wa jiki wani sinadari, hormone, to ta Baƙo ta ƙi tsayawa, zubawa take fiye da kima. Sunan cutar dogo ne, sai da na rubuta a bayan tikitin bas. Ba ta warkewa, amma akwai ƙwaya da in ana sha kullum kare zai koma kamar da. Kullum ɗin nan kuwa har ƙarshen rayuwarsa, ga gwajin jini lokaci-lokaci. Da ya faɗi kuɗin wata, kusan fam ɗari, sai Gwaggo ta gyara zama irin na kasuwa.

"Last price?" ta ce.

Likita ya kalle ni, na kalli silin.

"Gaya masa ya rage. In na sayi na wata uku a tare fa? Ko ba su da na hannu, wanda wani kare ya mutu ya bari?"

Bawan Allah ya yi murmushi ya ce farashi ba a hannunsa yake ba. Sai ya sassauta murya ya ce ya san abin da nauyi ga mai fansho, kuma karen ya tsufa, akwai wata hanya ta sauƙi: allura ɗaya, ya yi barci, shi ke nan, ba zafi. Na juya zan fassara, Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Turancinta na asibiti ya ishe ta jin wannan.

"Tambaye shi," ta ce, tana naɗe igiyar shanya a hannu, "shi ma ran da uwarsa ta fara yawan fitsari allura zai yi mata?"

Ban fassara ba. Ta biya kuɗin wata ɗaya, muka fita.

Sai bayan wata biyu na gane inda kuɗin ke fitowa. Gwaggo tana da wani gwangwanin biskit a ƙasan akwatinta, shekara goma sha ɗaya tana tara kuɗin Hajji a ciki, fam biyar yau, fam goma gobe. Na zo na tarar da gidan sanyi ƙalau, ta kashe hita gwiwoyinta na ciwo, gwangwani kuma a kan gado a buɗe. Gaskiya na ji haushi, na kuma ji tsoro. Na lissafa mata: a haka kafin shekara ta zagayo ba Makka, ba ƙwaya, daga nan kuma sai allurar da ta ƙi. Ita ma ta san lissafin, ai ta fi ni iya shi. Wata na uku ta fara ba shi ƙwayar yau ta tsallake gobe don ta kai, ciwon kuwa ya dawo sabo.

"Gwaggo, za ki cinye Hajjinki a kan kare?"

"Ka'aba ba za ta tashi daga inda take ba. Shi wannan ne ban san ko zai kai Juma'a ba."

Ana cikin haka aka yi suna a Birmingham, gidan Dakta Kabiru, wani likita ɗan Kano wanda Gwaggo ta yi wa matarsa zaman jego lokacin suna Manchester. Gwaggo ta ce za ta zo, kuma da Baƙo za ta zo, don ba mai ba shi ruwa. A jirgin ƙasa suka zo. Ta sauka tana ta murna wai kare kyauta yake shiga, tana mita wai ita da ta yi wa ƙasar nan shara shekara ashirin ita ake caja. Muka bar shi a gidan hayarmu, wurin 'yan matan Turawan da muke zaune tare, waɗanda suka rungume shi suna sumbata har Gwaggo ta kawar da kai tana a'uziyya.

Gidan suna ya cika da matan likitoci da injiniyoyi, leshi sai walƙiya yake, ga turaren wuta. Ana gama addu'a aka fara raba abinci, sai na ga Gwaggo ta miƙe tsaye ta gyara mayafi. Na san wannan gyaran mayafin. Na nemi ƙasa ta tsage in shige.

"Salamu alaikum. Ina da marar lafiya a gidana, ina neman taimako. Kada wata ta ba ni ta ce na rufe ta: kare ne."

Sai wata mai gwaggwaro, wadda ban san sunanta ba kuma ban nema ba, ta ce, "Haba Gwaggo. Yara na mutuwa da zazzaɓi a gida, ke kina tara wa karenki kuɗi?"

"Na farko, ba nawa ba ne, amana ce. Na biyu, su yaran, nawa kika aika musu bana?"

Matar ta mai da hankali kan shinkafarta. Aka yi 'yar dariya a ɓoye, amma jaka ba wadda ta buɗe. Dakta Kabiru ne, Allah ya saka masa, ya kira mu gefe ya karɓi takardar likitan ya karanta. Ya ce ikon Allah, ai mutane ma suna yin wannan cutar, ya taɓa duba mai ita. Ya sa wa Gwaggo kuɗin wata guda a ambulan. Ta yi godiya har da durƙusawa, amma a bas ɗin komawa Selly Oak sai juya ambulan ɗin take a hannu. Wata ɗaya wata ɗaya ne, kuma ba za ta bi gidajen suna tana bara duk wata ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari da safe, kafin jirginta, ta ce sai ta leƙa shagonta. Akwai wani shagon gwanjo a Bristol Road, irin na sadaka da mutane ke kai tsofaffin kayansu a sayar. Duk zuwan da Gwaggo ta yi wurina sai ta shiga, kuma duk shiga sai ta yi ciniki da matar da ke tsaron wurin, wata dattijuwa mai furfura da tabarau a wuya. Kowa ya san ba a tayi a irin shagunan nan, kowa ban da Gwaggo. Muka ɗaure Baƙo a ƙofa, ta zaro wata rigar sanyi mai fam uku.

"One pound."

"We don't haggle, love," in ji matar, kamar kullum. Ta ƙara da cewa kuɗin na dabbobi ne, kamar kullum. Ni kuma, mai karatun jami'a, na ji wannan magana ya fi sau goma ban taɓa tambayar waɗanne dabbobi ba.

"One fifty. Ga zare ya fita a hannu."

Matar ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya faɗa waje, inda Baƙo ke kwance yana haki da tulun cikinsa. Ta cire tabarau, ta fita, ta tsuguna a gabansa. Ta dawo ta tambaye mu ko yana yawan shan ruwa. Ta ce nata karen ma haka cikinsa ya yi kafin a gano. Da ta ji labarin kuɗin ƙwaya sai ta jawo wata takarda daga gefen akwatin kuɗi, inda suke jibge tun ranar da muka fara shiga shagon, ta miƙo mini. Ashe ƙungiyar da ke da shagon tana da asibitocin dabbobi na masu ƙaramin ƙarfi, har da ɗaya a Manchester. In kana samun rangwamen haraji ko na haya daga council, wato ƙaramar hukuma, za su duba dabbarka su ba da magani, kai kuma ka jefa abin da ka iya a akwati.

Na karanta sau biyu kafin na fassara. Gwaggo ta dubi rigar da ke hannunta.

"Wato kuɗin wannan rigar asibitin karnuka yake zuwa?"

"Nan yake zuwa, Gwaggo."

"Innalillahi! Shekara biyu ina danne haƙƙin marasa lafiya ban sani ba!" Ta buɗe jaka ta ƙirga fam uku cif ta ajiye. Matar ta kusa faɗuwa. Sai Gwaggo ta ƙara da cewa, "Amma leda kyauta ce ko?"

Na tsallake lacca ranar Laraba na bi ta Manchester. Takardar council ɗaya aka ce a kawo. Gwaggo ta zo da duk wasiƙar da aka taɓa aiko mata tun zuwanta ƙasar nan, cikin ƙatuwar jakar nan mai layi-layi ja da shuɗi, wadda 'yan Najeriya ke kira da sunan da ta hana a faɗa a gidanta. Asibitin cike yake da tsofaffi da kyanwoyi a kwali. Baƙo da ƙyar ya taka daga tashar bas, sau uku muna tsayawa tana zuba masa ruwa a murfin roba.

Matar da ke karɓar mutane ta duba takardar council ta ce ta yi, adireshi ma ya yi. Na ji wani sanyi a raina. Sai ta jawo fom ta ɗora biro a layin farko.

"And he's your dog, is he?"

"No," in ji Gwaggo.

Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafarta ta harare ni.

Matar ta tambaya to na wane ne. Gwaggo ta ce na Misis Brenda ne. Ina Misis Brenda? Ta mutu. Matar ta ajiye biro ta yi mana bayani a hankali: dokarsu ita ce mai dabba kawai suke yi wa, wanda sunansa ke kan takardar council, don kada masu hali su riƙa turo dabbobinsu da sunan talakawa. In Gwaggo ce mai shi, ta sa hannu a nan, likita ya gan shi yanzu. In ba ita ba ce, ba abin da za su iya.

"Gwaggo, don girman Allah ki ce naki ne," na raɗa mata. "Kalma ɗaya ce."

"In yi ƙarya a kan ƙwaya?"

"Wace ƙarya? Shekara huɗu wa ke ba shi abinci? Wa ke goge fitsarinsa? To ki ce na gadi ne, ai an halatta na gadi."

"Wannan? Ɓarawo ya shigo lasarsa zai yi. Ni Laraba, jikar limamin zango, a rubuta a takardar gwamnati ina da kare? Tashi mu tafi."

Wallahi ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Na tsaya ina jin kamar in kurma ihu: ga magani a bayan kanta, taku biyar, taurin kai zai kashe kare ya cinye Hajji. Ta ja igiya, Baƙo ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Ya sake yunƙurawa ya zame, fitsari ya malala a ƙarƙashinsa, ya ɗago kai yana kallonta kamar mai ba da haƙuri.

Matar ta zagayo daga bayan kanta da wata igiya shuɗiya a hannu. Ba da mugunta ta yi ba, har ga Allah taimako take nufi. Ta ce in dai karen ba shi da mai shi, bai kamata a bar wa tsohuwa wahala ba, a bar shi nan, za su kira masu karɓar karnukan da ba su da kowa, su za su san yadda za su yi da shi. Ta sunkuya za ta zura masa igiyar a wuya.

Ban san Gwaggo na da sauran gudu a gwiwoyin nan ba. Ta jefar da jakar wasiƙu, ta faɗa a kan karen nan, cikin fitsarin, ba safar roba ba komai, ta rungume shi a ƙirji.

"Don't touch! Wa ya ce ba shi da kowa? He is my dog! Nawa ne! Nawa ne, na ce!"

Duk asibitin ya juyo. Wani tsoho mai kyanwa ya ce, "You tell her, love." Matar ta miƙe, ta koma bayan kanta, ta juyo da fom ɗin ta miƙo biro. Gwaggo ta sa hannu Baƙo yana lasar haɓarta, hawaye na zuba, tana faɗin, "Bari mana, ɗan banza, ƙasar da na zo da ita ba za ta isa ba."

A ranar likita ya gan shi, a ranar muka fito da ƙwayar wata guda. Gwaggo ta tsaya gaban akwatin taimako ta daɗe tana shawara da jakarta, sannan ta jefa fam biyar ta kawar da kai don kada ta ga tafiyarsa. A bas na kasa haƙuri.

"Gwaggo, ashe dai naki ne."

"Takarda ce ta ce. Ni ban ce ba."

"Da kunnena na ji, da Hausa da Turanci."

"Ke dai an biya miki makaranta don ki riƙa jin abin da ba a ce ba."

Bayan mako uku wayata ta yi ƙara ɗaya ta katse. Filashin! Tun kafin na kira na san lafiya ta samu. Ta ce tun safe ta cika kwano, ga shi la'asar ta yi ruwa bai kai rabi ba, kicin kuma a bushe. Na zauna a bakin gadona na yi kuka mai isata, 'yan gidanmu suka zo suna tambaya wa ya mutu, na ce ba kowa, kare ne ya daina shan ruwa. Kafin bazara gashinsa ya tsiro, ciki ya saɓe, ya koma jan Gwaggo a titi tana zaginsa. Aka kunna hita, aka rufe gwangwanin biskit aka mai da shi ƙasan akwati.

Shekara biyu bayan nan ta sauke farali. Ni ta bar wa gidan, da Baƙo, da ƙwayarsa, da sabon ƙullin ƙasa wanda zai ishi unguwa. Daga Makka ta kira ni, da kuɗinta, har minti huɗu. Ba ta tambayi jarrabawata ba, ba ta tambayi lafiyata ba. Gaisuwarta ta farko ita ce, "Ya sha ta yau?"

Baƙo ya ƙara shekara uku a duniya bayan ranar fom ɗin nan, ya mutu da tsufansa, a kwance, ba allura. Da na je yi mata gaisuwa, don gaisuwa ce ko da ba ta yarda a kira ta haka ba, na lura jan salatif ba ya ƙofar kicin, sai tabonsa a ƙasa. Tabon ma ya daɗe, har ya yi baƙi. Na nuna mata.

"Da kansa ya ɓanɓare," ta ce. "Kayan ƙasar nan ba su da ƙarko."

Wata uku ke nan da muka kai Gwaggo makwancinta. Da muka buɗe jakarta muka tarar da carbi, da busasshen goro, da ledoji, da ƙullin ƙasa wanda ba sauran abin da za a wanke da shi. A cikin aljihun zif kuma ga katin asibitin nan, ya tsufa ya yi laushi don ɗauka, da sunan Baƙo a sama, nata a ƙasa, a layin mai shi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Laraba, ya yafe mata kurakuranta, ya yafe mata cinikin da ta yi a shagon marasa lafiya. Ta riƙe amanar maƙwabciya har ƙarshe, Allah ya riƙe ta. Yadda ta yi ta cika wa mai ƙishirwa kwano ba ta gaji ba, ya Allah ka shayar da ita ranar da kowa zai ji ƙishirwa. Amin.